Makarantar masu jefa bom da hanyar Kano: laccar da aka gabatar a Dakoro



Littattafan tarihin da ake karantarwa a makarantunmu sun ajiye Yaƙin Hitila can Turai, kamar bai taɓa giftawa ta ƙasar Hausa ba. Alhali tun watan Satumba na 1940 ayarin jiragen yaƙin Ingila suka riƙa sauka a Kano. Ana kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Khartum har Alkahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya. Sun kauce wa sararin Nijar ne don ƙasar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa har Nuwamba 1942.

A gaban kowane ayari akwai jagora, galibi Blenheim, jirgi mai jefa bom da ke ɗaukar mutum uku: matuƙi, mai duba taswira, da mai riƙe da rediyo da bindiga. Masu tuƙa ƙananan jiragen Hurricane bayansa suke bi. In mai taswirar ya ɓata, kowa ya ɓata.

Irin waɗannan mutum ukun ne rundunar horo mai lamba 70 ta sojan saman Ingila take shiryawa. An kafa ta a Isma'iliyya ta Masar a Disamba 1940, aka mayar da ita Nakuru ta Kenya a 1941, nesa da hare-haren abokan gaba. Ba tuƙi ake koya a can ba, kowa ya zo da iliminsa. Aikinta shi ne ta haɗa mutum uku su zama ƙungiya guda, ta saba musu da zafi da ƙura da ƙasar da ba kogi ba titi, kafin a tura su fagen fama.

Mai wannan lacca ya daɗe yana jayayya da abokan aikinsa a kan abu ɗaya: a sahara, horon mai taswira ya fi nauyin bom muhimmanci. Dausayin Kufra ya isa hujja. A Fabrairu 1941 jiragen Blenheim na Faransawan De Gaulle, waɗanda wasunsu suka yi zango a Maiduguri, sun tashi daga arewacin Cadi don taimaka wa Leclerc, kwamandan sojan ƙasa da ke neman ƙwace Kufra. Wasu ba su ma gano dausayin ba. Ɗaya ya ɓace da mutanensa uku, ba a ga gawarwakinsu ba sai 1959. Leclerc ya ci Kufra ranar 1 ga Maris da sojan ƙasa, akasarinsu ƴan Afirka.

Fiye da shekara guda bayan haka, a Mayu 1942, jiragen Blenheim uku na Afirka ta Kudu suka tashi daga Kufra ɗin don sanin yankin. Suka kasa komawa, suka sauka cikin rairayi. Cikin mutum 12 ɗaya ne ya rayu, ƙishirwa da zafi suka cinye sauran. Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan ƙarancin gogewa da tafiyar hamada. Babu harsashin maƙiyi ko ɗaya a cikin wannan asara. Makiyayin kwarin Tarka da ke karanta taurari da tuddai ya san abin da ya kashe su.

Masu cewa yaƙin Nasara ne, ba ruwan ɗalibinmu da shi, su faɗa mana waɗanda suka share filayen sauka na Kano da Maiduguri, suka gangara da durom-durom na mai.

Abin da ake nema bai da yawa. A sa hanyar Takoradi cikin darasin tarihi na sakandare. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta haɗa hannu da Jami'ar Bayero ta Kano su tono takardun filin jirgin Kano. A aika ɗalibai da na'urar ɗaukar murya wajen iyalan tsofaffin sojoji da leburorin wancan zamani, a fara daga gundumar Dakoro.