Masu Kwana a Kan Marasa Lafiya

 Yau shirin namu zai leƙa wajen ma'aikatan jinya, waɗanda muke kira nas.

Zazzaɓin Lassa da ke addabarmu duk rani, a jikin nas aka fara gano shi. A 1969 wata ma'aikaciyar asibitin mishan, Laura Wine, ta kamu da shi a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Saboda haka idan kun kai mai zazzaɓi asibiti, ku gaya wa nas gaskiya: kwana nawa ya yi, ko yana zubar da jini, ko wani a gidan ya yi irin ciwon. Ɓoyewar na iya cin ranta.

Likita yakan zagaya, ya rubuta magani, ya wuce. Nas ce ke kwana. Ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, mai jinya na haska mata da fitilar waya, tana lalubar jijiyar jariri za ta sa masa ƙarin ruwa, ga wata can ƙarshen ɗaki tana kiran "Sista, ki taimaka!" Safar hannu ma ta ƙare, sai an aika kemis.

Na san wani zai ce ai akwai masu tsawa da wulaƙanci, musamman a ɗakin haihuwa. Akwai su, kuma ba daidai ba ne, a kai ƙara wajen shugabarsu. Amma mutum ɗaya da aka bar wa aikin mutum uku, dole haƙurinsa ya gaza.

Wannan wahalar ce ke kora ƙwararrunmu zuwa Ingila da Saudiyya. A Fabrairun 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita, aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Da ma'aikatan jinya suka tafi yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, cikin abin da suka nema har da ƙarin alawus na aikin dare da ɗaukar sababbin ma'aikata. Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin gwamnati ya san ba su nemi abin da ya wuce ƙima ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.