Bitamin da Farfaɗiyar Yara



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin bitamin yana maganin farfaɗiyar yara? Yana yi, amma ga yara ƙalilan ƙwarai.

A farkon shekarun 1950 jarirai da dama a Amurka suka riƙa jijjiga. Da aka bincika sai aka tarar madarar gwangwanin da ake ba su ta rasa bitamin B6, domin zafin da aka dafa ta da shi a masana'anta ya lalata shi. Ƙwaƙwalwa kuwa da B6 take haɗa sinadarin GABA, wanda shi ne linzaminta; in ya yi ƙaranci sai jijiyoyi su ɓalle. Aka gyara madarar, ciwon ya tsaya. A 1954 kuma likitoci suka bayyana wata farfaɗiya ta gado mai kama jariri tun kwanakin farko, wadda magungunan da aka saba ba sa kwantar da ita sosai, sai B6. Irin wannan yaro zai sha shi muddin ransa, kuma ko faɗuwar ta tsaya, sau da yawa karatu yakan yi masa nauyi.

Ga sauran yara, waɗanda su ne mafi yawa, aikin bitamin gyaran ɓarna ne. Fenobabiton da fenitoyin, in an daɗe ana sha, suna rage bitamin D da folik asid a jiki, har ƙashi ya yi rauni. Nan likita yakan ƙara su, amma da awo, gama folik asid na iya rage ƙarfin fenitoyin a jini, B6 mai yawa kuma yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Batun kaifin basira fa? Ni a ganina ba daga kwalbar bitamin matsalar take ba. Yawan faɗuwa yana dakushe yaro. Wani maganin ma yana yi: binciken da aka buga a 1990 ya nuna fenobabiton ya rage makin gwajin basira ga yaran da aka ba shi saboda jijjigar zazzaɓi. Sannan ga namu laifin, na cire yaro daga makaranta don tsoron wai ana ɗaukar ciwon ta yawu, alhali ba a ɗauka.

Da yawanku, da kun kama aiki, ku za a riƙa aika wa a sayo magani daga birni. Ku sayo abin da likita ya rubuta, kada kuma a dakatar da shi farat ɗaya don an samo bitamin, domin hakan kan jawo jijjigar da ba ta tsayawa, har ta kai ga rasa rai.