ALBASHIN MA'AIKATAN JINYA A GIDA DA ƘASASHEN WAJE: INA HAKKIN IKKILISIYA?

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin zumuntar mata

 

Batun da aka ba mu shi ne albashin ma'aikatan jinya, wato nas-nas da ungozoma, abin da suke samu a gida da abin da ake biyansu a ƙasashen waje. Wani zai ce me ya haɗa majami'a da zancen albashi? Amsar tana kusa. A yawancin ƙananan ikkilisiyoyinmu na karkara, nas ɗaya ce tak muke da ita. Ita ake tasa cikin dare in haihuwa ta zo da gardama. Sau da yawa ita ce ma'aji, ita ce kuma mai biyan kuɗin makarantar ƙannenta biyar. Ranar da ta kawo wa dattawa labarin cewa ta sami aiki a Ingila, me za mu ce mata? Don mu ba da shawara ta gaskiya, dole mu san lissafin.

ABIN DA AKE BIYA A WAJE

Mu fara da Ingila, inda 'ya'yanmu da yawa suka nufa. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ɗaukar sabuwar nas a mataki na 5. A shekarar albashi ta 2023 zuwa 2024 farkon wannan mataki fam 28,407 ne a shekara. A ta 2025 zuwa 2026 ya kai fam 31,049, a kan aikin awa 37 da rabi a mako, ban da ƙarin da ake yi don aikin dare da na ƙarshen mako. Idan muka raba shi gida 12, wajen fam 2,590 ke nan a wata. A tsakiyar 2025 fam ɗaya ya ɗan haura Naira 2,000. Saboda haka albashin wata guda ya wuce Naira miliyan 5.

A Amurka abin ya fi haka. Ƙididdigar gwamnatin ƙasar ta watan Mayu 2024 ta nuna matsakaicin albashin nas mai rajista dala 93,600 ne a shekara. Sai dai hanyar ta fi tsawo: akwai jarrabawar lasisi, da tantance takardu, da jiran biza, ga kuma dokokin shiga da suke sauyawa. A Saudiyya ba a cire harajin albashi, sau da yawa kuma asibiti ne yake ba da masauki. Amma mai bi ya sani babu majami'a a fili a ƙasar, kuma wannan ma yana cikin lissafi.

ABIN DA AKE BIYA A GIDA

A Nijeriya albashin nas ba ɗaya ba ne. Wadda take asibitin gwamnatin tarayya ta fi ta jiha. Ta jiha, a wurare da dama, ta fi ta ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Kowa a nan ya san abin da 'yarsa ko ƙanwarsa take karɓa, don haka mu auna da ma'aunin da kowa ya sani. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa ya kasance Naira 30,000 daga 2019, aka mai da shi Naira 70,000 a watan Yuli 2024. Mu ce nas tana karɓar ninki uku na wannan, Naira 210,000. A canjin tsakiyar 2025 wannan kuɗi wajen fam 100 ne kawai. 'Yar'uwarta a Ingila tana samun haka cikin aikin yini guda.

Me ya buɗe tazarar haka? Babban dalili shi ne faɗuwar Naira. A farkon 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a canjin gwamnati. Bayan an saki farashin canji a watan Yuni na shekarar, sai da ta wuce Naira 1,500 a 2024. Nas ba ta rage aiki ba, amma buhun masara, da kuɗin mota, da magani duk suka tsere wa albashinta. Kafin wannan ma, shekara da shekaru kuɗin kasadar aiki Naira 5,000 ne a wata, har ƙarshen 2021 da aka sake duba shi. Da wannan kuɗi aka shiga annobar korona, da shi aka riƙa fuskantar zazzaɓin Lassa.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairu 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A ƙarshen watan Yuli 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, tana neman a gyara kuɗin aikin dare da na kayan sawa, a kuma ɗauki ƙarin ma'aikata.

SHAFI NA BIYU NA LISSAFIN

Ubangijinmu ya koya mana a Luka sura 14 cewa mai niyyar gini ya fara zama ya ƙididdige abin da ginin zai ci. Mu yi haka da albashin Ingila.

Daga fam 2,590 ɗin nan za a cire haraji, kashi 20 cikin 100 na abin da ya haura fam 12,570 a shekara. Za a cire kuɗin inshorar ƙasa, a cire na fansho. Abin da zai shiga hannu bai wuce wajen fam 2,000 ba. Sai haya. A 2025 matsakaicin kuɗin hayar gida a ƙasar ya haura fam 1,300 a wata, a Landan kuwa ya haura fam 2,000. Shi ya sa sababbin zuwa suke kama ɗaki guda a gidan haɗaka. Akwai harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da ɗumama ɗaki lokacin sanyi, da kuɗin mota. Mai ƙananan yara kuwa za ta biya mai reno da tsada, domin babu kaka, babu inna, babu maƙwabciyar da za a miƙa wa goyo.

Kafin a kai ga albashin ma akwai matakai: jarrabawar Turanci, jarrabawar kwamfuta, sai ta gwajin aiki da ake yi bayan an isa can. Kafin ta ci ta ƙarshen ana biyanta a matakin mataimakiya. Wadda ta yi shekara 15 tana shugabancin ɗaki a gida, sau da yawa takan koma farkon mataki na 5 tare da yaran da suka gama makaranta jiya. Wasu takardun aiki kuma suna ɗauke da sharaɗi cewa in ta bar asibitin kafin wa'adi, sai ta mayar da kuɗin jirgi da na jarrabawa.

Duk da haka, 'yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu. Idan bayan duk wannan ta iya ajiye fam 300 a wata, Naira 600,000 ke nan a canjin tsakiyar 2025, kusan ninki uku na dukan albashin da muka yi misali da shi. Tazarar ta gaske ce. Dattijon da ya ce wa yarinya duk ɗaya ne, bai faɗa mata gaskiya ba, kuma za ta gane. Abin da ba ya shiga takardar albashi shi ne ya kamata mu tuna mata: auren da aka raba tsakanin ƙasa biyu, yaran da suke girma a hannun kaka suna ganin uwa ta waya, Lahadin da take ƙarewa a bakin aiki, kaɗaici, da wariyar da wasu suke sha.

HATTARA DA DILLALAI

Aikin nas daban ne, aikin kula da tsofaffi daban. Dillalai sun ruɗi iyalai da yawa da wannan. An sayar da gona da shanu an biya miliyoyi don takardar ɗaukar nauyin aiki, yaro ya isa ya tarar babu aikin. Ka'idar Ingila ta hana a caji ma'aikaci kuɗin wannan takarda. Daga watan Maris 2024 an hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalinsu, a watan Yuli 2025 kuma aka rufe ɗaukar su daga waje. Wanda ya zo yana tallar wannan hanya, mu yi nesa da shi.

A lura kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya, da Nijar, da Gana, da Kamaru, da Chadi, da Sudan cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka ka'idar Ingila ba ta yarda kamfanoni su zo farautar nas-nas a nan ba, ko da yake mutum yana iya neman aikin da kansa kai tsaye. A 2023 kuma hukumar rajistar nas-nas ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, aka soke sakamakon da aka samu a wurin, har waɗanda ba su da laifi sai da suka sake rubutawa. Ɗan ikkilisiya ya bi ƙofa, kada ya haura katanga.

MU MA MASU BIYAN ALBASHI NE

Yanzu mu juyo kanmu. Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a aikin jinya. Asibitin Vom ya fara a 1922, na Galmi a Nijar a 1950, na Evangel a Jos a 1959, ga kuma na Wusasa kusa da Zariya. Daga irin waɗannan wurare iyayenmu da yawa suka koyi aikin. Har yau gundumominmu suna riƙe da ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani. Nawa muke biyan masu aiki a cikinsu? Yaushe muke biya? Mun san wuraren da nas take bin bashin wata uku, in ta yi magana a ce mata aikin Ubangiji ne, ta yi haƙuri. Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙwadago, wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta yi kashedi mai zafi ga masu danne hakkin ma'aikata. Ba gwamnati kaɗai waɗannan ayoyi suka shafa ba. Ba za mu iya biyan fam ba, amma za mu iya biya a kan lokaci.

SHAWARWARI

1. Kowace gunduma mai asibiti ta rubuta tsarin albashi a takarda, ta riƙa duba shi kowace shekara, ta kuma sa biyan ma'aikata gaba da sabon gini.

2. Duk wanda zai tafi waje ya kawo takardar aikinsa a karanta tare da wani mai bi da ya san aikin. A duba sunan asibiti, da mataki, da sharaɗin mayar da kuɗi. Kada a sayar da gonar gado a ba dillali.

3. Ma'aurata su zauna da fasto kafin tafiya, a tsai da lokacin da iyali za su sake haɗuwa. A ba mai tafiya wasiƙar gabatarwa zuwa ikkilisiyar da zai tarar.

4. Ikkilisiya ta ɗauki nauyin karatun yaro ko yarinya ɗaya a makarantar jinya ko ta ungozoma, bisa yarjejeniya mai adalci cewa za a yi wa gida aikin shekara biyu ko uku. Bayan haka a sallame su da albarka. Kafin ɗaya ta tafi, wata tana tasowa.

5. Kada mu mai da na waje rijiya. Wasu suna ƙara aikin dare a kan na rana don biyan roƙon dangi da na majami'a. Mu tambayi lafiyarsu kafin mu tambayi aljihunsu. In sun zo hutu, mu roƙi iliminsu: yini ɗaya na gwajin hawan jini da ciwon sukari a harabar majami'a yana iya ceton rai.

6. Mu ɗaga murya ta bakin ƙungiyoyinmu. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa kai wannan ba. A watan Agusta 2024 ta amince da manufa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Mu tambayi wakilanmu abin da ya iso asibitin ƙauyenmu daga cikinta.

7. Mu girmama waɗanda suka zauna. Akwai masu takardu da ƙwarewar da za su iya tafiya, amma suka zaɓi zama da mu. Kada mu bari a ɗauke su a matsayin waɗanda suka kasa. Mu taimaka musu da noma, da gyaran gida, da kuɗin ƙarin karatu.

KAMMALAWA

Yusufu ya yi aiki a Masar ya ciyar da gidan mahaifinsa. Nehemiya ya bar fadar sarki ya koma gina garun garinsu. Dukansu Allah ya yi aiki da su. Saboda haka ba mu da ikon cewa tafiya zunubi ce, ko zama wauta ne. Namu shi ne mu faɗi lissafin gaskiya ga mai tafiya, mu biya mai zama hakkinsa, mu kuma tabbata ba a bar matan ƙauyukanmu suna haihuwa ba mai taimako ba.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu na gida da na waje, ya sa albarka ga aikin hannuwansu. Amin.