Oba-oba da Intanet: Yadda Za a Haɗa Tashoshin Rediyon 'Yan Sha'awa a Gabashin Sakkwato



A watan Satumba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, Rabah da Goronyo suna ciki. Ba a yi wata guda ba 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, aka rasa rayuka fiye da 40, wayoyin da ke aljihun jama'a kuwa ba sabis. Da wannan nake so mu auna fasahar da zan yi magana a kanta.

Rediyon 'yan sha'awa sadarwa ce ta mutanen da gwamnati ta ba lasisi su yi magana da juna ba don neman kuɗi ba. Kowa da lambar kiransa: ta ɗan Nijeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U. Oba-obar hannu da ke aiki a megahaz 144 zuwa 146 ba ta wuce 'yan kilomitoci, sai an kafa na'urar maimaita murya a kan tudu ko hasumiya, ta karɓa ta sake watsawa. A 1997 David Cameron a Kanada ya haɗa irin waɗannan na'urori ta intanet da tsarin IRLP, a 2002 kuma Jonathan Taylor a Amurka ya fito da EchoLink. Daga baya aka samu DMR mai mayar da murya lambobi, da dandalin BrandMeister da ke raba masu magana zaure-zaure.

Abin da ya fi jan hankalin matasa yanzu 'yar tashar gida ce: ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da allon MMDVM, da manhajar Pi-Star, duka ba su fi tafin hannu ba. Ƙarfinta bai wuce miliwat 10 ba. Oba-oba ta yi magana da ita a cikin ɗaki, ita kuma ta miƙa muryar ta intanet, sai mutum yana zaune a Wurno ya gaisa da wani a Ingila. Abin burgewa ne, kuma hanya ce mai araha ta koyo. Amma da datar waya take rayuwa. Ranar da aka ɗauke sabis, ko ruwa ya ci hasumiyar kamfani, tashar ta zama kwalliya. Wanda ya tuna ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san irin ranar da nake nufi.

Shi ya sa nake ganin a yankinmu sai an juya tsarin. A fara da na'urar maimaita murya mai sola da batir a wuri mai tsayi. Wurno ta dace, domin garin na kan tudu yana kallon fadamar Rima. Ai tsaro ne ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi a can, inda aka binne shi a 1837. A kafa wata a Rabah, wata a Goronyo, a haɗa su da juna ta iska, eriya na kallon eriya. Intanet ta shigo ta ƙofa ɗaya tak, a Sakkwato ko ta tauraron ɗan Adam, tunda Starlink ya fara aiki a ƙasar nan a 2023. In ƙofar ta rufe, hira da ƙasashen waje ce kawai ta tsaya. Goronyo za ta ci gaba da jin Rabah. A ajiye kuma rediyon gajeren zango a megahaz 7 da eriyar waya shimfiɗe kusa da ƙasa, wadda ke cilla murya sama ta dawo a faɗin ɗaruruwan kilomitoci.

Na san abin da jami'an tsaro za su ce: wa ya tabbatar oba-obar ba za ta faɗa hannun miyagu ba? Tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba. Sai dai ƙa'idar wannan rediyo ta hana ɓoye magana, kowa na iya saurare, kuma dole mai magana ya faɗi lambarsa. EchoLink ba ya buɗe wa kowa sai ya nuna lasisi, haka ma lambar DMR. Ɗan ta'adda ba ya neman layin da hukuma ke saurare.

Abin da muke da ƙarancinsa shi ne masu lasisi. Ina roƙon sassan koyar da injiniyancin lantarki na jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha su tuntuɓi Ƙungiyar Masu Rediyon Sha'awa ta Nijeriya, su buɗe kulob, su horar da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa uku, a kuma gayyaci hukumar agajin gaggawa ta jiha da masarautu tun ranar gwajin farko, a yi shi kafin damina.