Ƙanƙarar da Ke Cin Wuta a Ƙarƙashin Teku

Mutumin Gumel ko Maigatari yana iya cewa babu ruwansa da teku, tun da yake tsakaninsa da ita tafiyar ɗaruruwan mil ce. To, amma wani sashe na kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke raba wa ƙananan hukumomi kowane wata daga ƙarƙashin teku yake fitowa. Filin mai na Bonga, wanda ya fara aiki a 2005, yana cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Saboda haka ya wajaba ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su san abin da ke kwance a wurin.

A gangaren da ƙasa ke zurmawa cikin teku, inda ruwa ya yi zurfi ya kuma yi sanyi, iskar metan takan haɗu da ruwa su daskare. Wannan iska ita ce ke tashi daga ruɓaɓɓen tsiro da kashin shanu. Daskararren abin kamarsa ɗaya da ƙanƙara, amma in an kanga masa ashana sai ya kama wuta. Curi guda, idan ya narke, yakan saki iskar da ta ninka girmansa wajen sau 160.

Masanan cibiyar Ifremer ta Faransa sun sami irin wannan ƙanƙara a tekun da ke daura da bakin Kogin Kwara, cikin wasu ramuka da iska ke ɓulɓulowa daga gindinsu. Illarta ga aikin mai a bayyane take. A 2010, sa'ad da rijiya ta fashe a Mashigin Meziko, ita ce ta toshe ƙatuwar murfin da aka zura don tare man. Amfaninta kuwa, Japan a 2013 da Sin a 2017 sun gwada fitar da gas daga cikinta, ko da yake har yanzu ba ta zama abin sayarwa ba.

Metan ta fi hayaƙin gawayi riƙe zafi ƙwarai. Abin sa'a, yawancin wadda ke ɓulɓulowa daga zurfi takan narke cikin ruwa, ƙananan halittu su cinye ta kafin ta kai sama. Amma ruwan teku yana ƙara ɗumi, kuma ƙanƙarar da ke wurare marasa zurfi ita ce za ta fara narkewa. Manomin Gagarawa da Sule Tankarkar wanda ya ga farin 1973 ba ya bukatar a bayyana masa abin da ƙarin zafi ke nufi ga gero. Don haka binciken ƙasan tekun Nijeriya aiki ne da ya dace jami'o'in Arewa su sa hannu a ciki.