Sharhi: Harshad Mehta a Allon Talabijin

Mu da muka taso da kallon fim ɗin Indiya mun saba da waƙa da rawa, amma shirin Scam 1992, mai kashi 10, wanda SonyLIV ya fitar a 2020, ya zo da wani abu dabam. Labarin Harshad Mehta ne, dillalin hannun jari na Bombay, wanda ya riƙa karkatar da kuɗin bankuna ta hanyar rasit ɗin bogi, yana zuba su kasuwa har hannun jarin kamfanin siminti na ACC ya tashi daga kusan rupi 200 zuwa wajen 9,000.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yar jarida Sucheta Dalal, wadda ta tona asirin a jaridar Times of India a Afrilun 1992, lokacin da kowa ke yi wa Mehta kirari.

Sai dai ina da ƙorafi. Pratik Gandhi ya taka rawar Mehta da gwaninta har mai kallo na tausaya wa Mehta, wanda ya mutu a tsare a 2001. Ƙananan masu zuba jari da suka wayi gari hannu rabbana, kaɗan aka nuna mana hawayensu.