Mu Rubuta Muryoyin Waƙoƙinmu Domin 'Ya'yanmu: Jawabi ga Dattawa da Shugabannin Mawaƙa

Muna godiya ga waɗanda suka taso daga Talata Mafara, Bakura da Maradun, har da 'yan'uwa na Damaga, duk da halin da hanyoyinmu suke ciki.

Mun taru yau a kan waƙoƙinmu. Littafin Waƙoƙi ya adana mana kalmomin waƙoƙi masu yawa. Amma waƙoƙin da matanmu da mawaƙan Sabon Rai suka tsara, yawancinsu a ka suke. Mu kuwa ikilisiyoyi ƙanana ne. A wani wuri mutum ɗaya ne ya san muryoyin duka. In an yi masa canjin wurin aiki, ko rashin tsaro ya kore shi, ko Ubangiji ya kira shi, sai muryoyin su tafi tare da shi.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wannan hasara. A 1 Tarihi sura 25, Dawuda ya keɓe gwanayen mawaƙa 288. A kan zaburoyi da dama akwai umarni ga shugaban mawaƙa, har da sunan muryar da za a bi. Kalmomin sun iso gare mu, muryoyin kuwa sun ɓace. Kalmar Sela ta fito sau 71 cikin Zabura, amma har yau masana ba su daidaita a kan ma'anarta ba. An rubuta alamar, bayaninta bai iso gare mu ba.

Hanyar da mawaƙanmu suka saba da ita, wato do, re, mi, wani fasto ne a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa ta tun shekarun 1840, bisa aikin wata malama, Sarah Glover. Nufinsa shi ne talakan ikilisiya ya iya karanta waƙa da kansa. Yanzu kuma akwai manhajar kwamfuta mai rubuta murya. Ɗaya daga ciki ita ce MuseScore. Kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana buga muryar a ji ta, tana kuma iya nuna do, re, mi a kan alamomin. Littafin jagorarta na Turanci ne, masu aikin sa kai kuma suka fassara shi zuwa harsuna kamar Jamusanci da Faransanci. Mu ba mu da namu a hannu. Saurayi yakan buɗe manhajar da murna, ya ci karo da kalmomin da ba a koya masa ba, ya rufe. Garma ce a hannun wanda ba a nuna wa huɗa ba.

Saboda haka muna roƙo mu rubuta jagora da Hausa, mu kuma kiyaye abubuwa huɗu.

Na fari, mu yarda a kan kalmomi. Abin da Bakura ta kira tsawon murya, kada Maradun ta ba shi wani suna. A jera kalmomin a shafin farko.

Na biyu, jagorar ta bi aiki mataki mataki: buɗe sabon shafi, sa muryar farko, ƙara sauran muryoyi uku, sa'an nan rubuta kalmomi a ƙarƙashi. A nuna yadda ake samun ɓ, ɗ da ƙ, gama ƙasa daban, kasa daban. Misalan su zama waƙoƙinmu, a rubuta sunan wanda ya tsara kowace. Kafin a buga, a ba wanda bai taɓa amfani da manhajar ba ya bi jagorar shi kaɗai. Inda ya tsaya, nan gyara yake.

Na uku, a buga ta a takarda. Mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara. Jagorar da take a intanet kaɗai ba ta da amfani a irin wannan rana.

Na huɗu, jagorar ta koyar da ajiya. A watan Agusta na 2024 kamfanin MakeMusic ya daina sayar da manhajar Finale, wadda mawaƙa suka dogara da ita fiye da shekara 30. Manhaja takan wuce. Kowace waƙa a ajiye ta a tsarin MusicXML, wanda manhajoji da yawa suke karantawa, a kuma buga kwafi biyu, ɗaya a majami'a, ɗaya a wata ikilisiya.

Dattawa, aikin nan ba na matasa kaɗai ba ne. Su suna da yatsun kwamfuta, ku kuna da muryoyin. Muna roƙon kowace ikilisiya ta ba da saurayi ko budurwa ɗaya da dattijo ɗaya, su zauna tare su rubuta waƙoƙi biyar kafin taronmu na gaba. Duk wuyar da suka sha, su rubuta ta, domin daga nan jagorar za ta fito. Mu fara da waƙoƙin tsofaffinmu tun suna tare da mu.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.